Zafin Kwamfutar Halilu

Duk dangin Sallau direbobi ne, ban da Halilu. Kakansa ya tuƙa, ubansa Sallau ya tuƙa, 'yan'uwan ubansa har yau suna ɗibar siminti daga Malbaza suna kaiwa Tawa da Yamai. Shi kuwa ranar da aka ba shi sitiyari, katangar maƙwabta ce ta ji a jikinta. Da aka ga abin ba na yi ba ne, sai aka tura shi Yamai wani ɗan gajeren kwas na kwamfuta. Ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinariya a gefe, da tabarau wanda idonsa bai nema ba. Ya kama shago a Birnin Ƙonni kusa da tasha, ya sayo tsohuwar kwamfuta ta hannu daga Sakkwato, ya shiga buga wa mutane takardun neman aiki da katunan biki. 'Yan tasha suka laƙaba masa Injiniya, shi kuma bai taɓa samun lokacin gyara musu ba.

Abu ɗaya dai ya gada daga gidan direbobi, shi ne tsoron allura. Yana yaro, in marigayi Sallau ya ɗora shi a gaban mota, yakan lura allurar zafin inji ta fi hanya samun idon uban. Sallau ba mai yawan magana ba ne, amma a kan wannan allura yana iya yin huɗuba.

"In ka ga ta kwanta cikin ja ta bar motsi, ba hutawa taka yi ba," haka yake cewa. "Zahin ne ya wuce inda taka iya kaiwa. Tsaya nan take, buɗe bonet, ka ba inji iska."

Halilu bai koyi canza giya ba, bai koyi baya-baya ba, amma wannan darasi ya zauna masa daram.

Sallau ya rasu bai taɓa shiga ɗakin mai hoto don ransa ba, domin a ganinsa ɓata lokaci ne. Hotonsa ɗaya tak a duniya, wanda ke jikin tsohon permi ɗinsa na tuƙi, bai fi kan babban yatsa ba, ya koɗe, ga kuma hatimin ofishin gwamnati ya hau kan kuncin hagu da kunne. Permin yana hannun matarsa Delu, uwar Halilu, wadda ke zaune a Malbaza a gidan babbar 'yarta Kubra, mijin Kubra yana aiki a masana'antar siminti.

Idon Delu yana tafiya. An kai ta asibiti, likita ya duba ya ce ba yana ba ce da ake cirewa, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali. Ya ba da magani na ɗigawa, ya ce zai rage wa abin sauri, amma ba zai tsayar da shi ba. A lokacin sanyin shekarar dubu biyu da bakwai, tana ganin abu in babba ne kuma yana da haske, kamar talabijin ɗin Kubra in ta matsa kusa. Ƙananan abubuwa kuwa sun riga sun yi mata sallama.

Wata Juma'a Halilu ya je gaishe ta, ya tarar da ita a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, ta kai permin dab da idonta tana jujjuya shi.

"Inna, mi kika dubi?" ya tambaye ta.

"Tsohonku nika nema, Auta," ta ce, don shi ne ɗanta na ƙarshe. "Ba ni ganin komi sai toka-toka."

Da ɗan direba ne na ƙwarai, da ya yi shiru ya zauna kusa da ita. Amma Injiniya ne. Ya gyara tabarau, ya ce a kwamfuta yana iya mayar da hoton nan ya kai girman faifan rufe tuwo, ga haske ta bayansa, har gashin baki sai ta ƙirga. Delu ta shafa ɗan hoton da yatsa. Sannan ta miƙa masa permin da hannu biyu.

"To, Auta. Ina son in gane shi tun ina iyawa."

Ya kai permin wurin wani mai hoto da ke da na'urar kwafe hoto zuwa kwamfuta, aka saka masa a faifai, ya zo ya buɗe a shagonsa. Sai ga Sallau ya cika gilashin kwamfutar, da goshinsa mai faɗi da idanun nan da rana ta ƙanƙance. Halilu ya tashi ya rufe ƙofar shago na ɗan lokaci. Ya gwada bugawa a takarda, injin bugawarsa ya fito da wani baƙin dabbare da ko mai ido biyu ba zai ce mutum ne ba. Ke nan sai dai a kawo Delu gaban gilashin.

Da a ranar ya aika aka ɗauko ta, da labarin ya ƙare a nan. Amma hatimin ya tsaya masa a rai. Da aka ƙara girman hoton, hatimin ma ya girma, ya zama wani shuɗin zobe a kuncin uban, da rabin kalmar Faransanci kwance a kan kunne. Halilu ya ce shi ba zai nuna wa uwarsa mijinta da tambarin gwamnati a fuska ba. Zai goge shi ɗigo-ɗigo, ya ari fatar kuncin dama ya liƙa a hagu, ya kwaikwayi kunne. Aikin yana cin lokaci, amma yana so ranar da aka kawo Inna, 'yan tasha su leƙo su ga abin da ake nufi da Injiniya. Ya fara, kullum in masu katin biki sun watse, yana yin ɗan abin da ya samu.

Ana cikin haka bazara ta fara leƙowa, sai Yusuf mai sayar da kaset da fayafayai a bakin tasha ya kawo masa wani faifai daga Sakkwato, cike da manhajoji barkatai. A cikinsu akwai wata 'yar ƙarama mai auna zafin kwamfuta. Halilu ya saka ta don kawai ya ga yadda take. Wani ɗan akwati ya buɗe a kusurwar gilashi da lambobi uku a jere. Ta farko arba'in da wani abu. Ta biyu talatin da wani abu. Ta uku, da jan rubutu da ɗan zanen harshen wuta a gefenta, ta ce ɗari da ashirin da bakwai.

Ɗan Sallau bai ma tsaya kan biyun farko ba. Direba ba ya kallon allurar da ke lafiya. A lakwal, wato makarantar boko, an koya masa ruwa yana tafasa a digiri ɗari, ga shi yana zaune gwiwarsa tana gogar abin da ya wuce tukunyar shayi zafi. Ya zuba wa lambar ido ko za ta sauka, ba ta sauka ba. Ko za ta hau, ba ta hau ba. Nan muryar uban ta dawo masa tiryan-tiryan: ta kwanta cikin ja, ta bar motsi. Ya fizge waya daga bango da ƙarfin da ya kusa zuwa da bangon.

Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin ƙarfen kwamfutar, ya ji ɗumi kawai, irin na bayan akuya. Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Ai bonet ma ba ya ƙona hannu, ya gaya wa kansa, wutar tana can ciki. Ban da haka, mutum bai je Yamai ya dawo da takarda mai ruwan zinariya don ya riƙa auna zafi da hannu kamar mai duba jaririn da ke zazzaɓi ba.

Daga ranar shagon Halilu ya koma gareji. Ya kwance murfin gefen kwamfutar ya jingine, ya ce ya buɗe bonet. Fankar da ke hura masa iska ya juya mata kai, ta koma hura wa cikin injin. Ya samo buhun algarara, ya jiƙa shi sharkaf, ya rataya tsakanin fanka da kwamfuta, yadda direbobi ke naɗe jarkar ruwansu da jiƙaƙƙen buhu su rataya a jikin mota don ta yi sanyi. Da lambar ta ƙi motsi, ya ɗauko randar shago ya girke ta a gefen akwatin. Da ta sake ƙi, ya shiga sayen ƙanƙara yana jerawa a tire a ƙarƙashin tebur. Ƙanƙarar tana narkewa, Halilu yana narkewa, ɗari da ashirin da bakwai tana nan inda take.

Ya kuma kafa doka irin ta hawan tudu da lodi. A yi ɗan aiki kaɗan, a kashe, a jira inji ya huce. Mai neman a buga masa takarda shafi ɗaya sai ya zauna ya sha shayi, ya yi sallar azahar, ya dawo ya tarar ana hutu na biyu. Wasu suka fara ɗaukar takardunsu suna tafiya wani wuri. Waɗanda suka rage, yawancinsu sanyin buhun ne ya riƙe su, don a duk layin tasha ba inda ya kai gefen kwamfutar Halilu daɗin zama a watan Afrilu. Shi kansa mai shagon yana can ɗaya gefen, inda iska ba ta kaiwa, ƙuraje sun feso masa a wuya, rigarsa ta manne a baya.

Wani lokaci da asuba-asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, yakan kunna ta yana fatan ya kama lambar tana ƙasa. Amma tsohuwar kwamfutar tana ɗaukar lokacin dafa shayi kafin ta gama buɗewa, in ɗan akwatin ya bayyana, jan rubutun na nan. Halilu ya girgiza kai cikin tausayi. Dubi yadda take saurin ɗaukar zafi, ya ce a ransa, lallai Turawan da suka ƙera ta ba su taɓa jin sunan Ƙonni ba.

Yusuf mai kaset, wanda bai taɓa rasa labari a kan kowane abu ba, ya leƙo wata rana ya dubi lambar ya riƙe haɓa.

"Injiniya, ka yi hankali. Can Sakkwato an ce wata ta yi zahi hakanga, gilashin ya hwashe, ya watsa ma mai shagon ga huska."

"Kai ka gani?"

"Wanda ya hwaɗa mini, maƙwabcinai ya gani."

Wannan shaida ta ishi Halilu. Ya tuna yadda Delu ke kai fuskarta dab da talabijin. Ya hango ta zaune a shagonsa, hancinta yana kusan taɓa gilashi, tana neman mijinta a hankali yadda take neman komai yanzu, ga injin yana tafasa a ƙarƙashin tebur. Gaskiyar magana, tsoron nan na gaske ne, yana son uwarsa, kuma ba zai iya ɗaukar a ce shi ya ƙarasa mata ɗan ganin da ya rage ba. Amma gaskiyar tana da ƙanwa: aikin hatimin ya tsaya cak tunda ba ya iya barin kwamfutar a kunne, kuma ba ya son a ga aikinsa rabi da rabi. Tsoron ya zo ya ba girman kan inuwar fakewa, su biyun suka zauna lafiya.

Kubra ta kira shi a salula a tsakiyar bazara.

"Halilu, Inna na tambaya. Yaushe za a kawo ta?"

"Yaya, injin na zahi. Ɗari da ashirin da bakwai hwa."

"Ni ban san wanga lissahi ba. Ta ce in hwaɗa maka, in hatimin ne ya tsai da kai, ka bar shi. Ta ce da hatimin ta saba ganinai."

"Ba hatimi ba ne kaɗai. Akwai hatsari. Ku bari damana ta sauka, gari ya yi sanyi, injin ya huce. Sannan in gama aikin, in zo da mota da kaina in ɗauke ta."

Kubra ta girme shi da yawa, ita ta goya shi, kuma ta san muryarsa ta Injiniya in ta ji ta.

"Jiya ta zuba ruwa gehen kwano," ta ce. "Shekaranjiya ta gaida turmi, tana tsammanin maƙwabciya ta. Ina dai hwaɗa maka."

"Damana ta kusa, Yaya."

Damina ba ta yi saurin da ya yi mata alkawari ba. Hadari ya riƙa haɗuwa ta gabas yana watsewa. Halilu ya je Malbaza gaisuwa a tsakanin, ya zauna gaban uwarsa yana yi mata bayanin digiri da tafasar ruwa da fashewar gilashi. Ta saurare shi har ƙarshe, fuskarta tana kallon ɗan gefen inda yake zaune, ba daidai inda yake ba. Ya lura da hakan, ya ce wa kansa hasken ƙofa ne ke damun ta.

"Kai ka san aikinka, Auta," ta ce. "Allah shi kai mu."

Ruwan farko na kirki ya sauka da iska mai ƙarfi, ya kayar da turakun wuta, garin ya kwana biyu ba lantarki. Ranar da wutar ta dawo, da safe ne, bayan an sake kwana ana ruwa. Gari ya yi sanyi har 'yan kabu-kabu sun fito da rigunan sanyi. Halilu ya buɗe shago, ya tarar da komai ya yi sanyi ƙalau, har kujerarsa. Ya ce yau ce ranar. Bai jiƙa buhu ba, bai kunna fanka ba, ya danna maɓalli ya zauna yana murza hannu.

Ɗan akwatin ya bayyana. Lamba ta farko ta sauko ƙasa da talatin. Ta biyu ma ta sauko. Bai taɓa kula da su ba sai yau, da ya ga sun canza. Ta uku kuwa, da jan rubutunta da harshen wutarta, ɗari da ashirin da bakwai.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya durƙusa, ya zura hannu ta bonet ɗin da ya buɗe tun farkon bazara, ya yi bisimilla kamar mai shirin taɓa garwashi, ya ɗora yatsa a kan ƙarfen da ke zaune bisa ƙwaƙwalwar injin, inda duk zafin ke taruwa. Ƙarfen bai kai jikin randa ɗumi ba.

Yana durƙushe a wurin, yatsa a cikin inji, sai wata allura ta faɗo masa a rai. A motar Sallau allura biyu ce. Akwai ta zafi, wadda ake yi wa huɗuba. Akwai kuma ta mai, wadda tun da Halilu ya yi wayo take kwance a kan cikakken tanki, ko an sha mai ko ba a sha ba, ko mota tana tafiya ko tana kan duwatsu a gareji. Sallau bai taɓa kallon ta ba. In yana son sanin man da ya rage, sanda yake zurawa a tanki. Halilu ya taɓa tambayarsa, uban ya ce, "Waccan? Wayarta ba ta haɗe da komi." Darasi biyu aka koyar a gaban motar nan, ɗan gidan ya haddace ɗaya ya tafi da shi Yamai.

Duk da haka Injiniya ba ya yarda da yatsa sai ya ga rubutu. Ya rufe shago ya tafi wani ɗakin intanet da aka buɗe kusa da kasuwa, ya jira shafi ya buɗe a hankali kamar ana tatsar sa, ya rubuta lambar da sunan allon injinsa, wato babban farantin cikin kwamfutar da ake jona komai a kansa. Sai ga mutane birjik daga ƙasashen da ake ƙanƙara daga sama, kowa da ɗari da ashirin da bakwai ɗinsa, kowa hankali a tashe. A ƙasa wani ya amsa musu a gajarce, da alamar ya gaji da amsa wannan tambaya. Manhajar, in ji shi, ba ta san kowane allo ba. Tana tambayar ma'auni uku, alhali allon nan biyu kawai aka haɗa masa. Na ukun ba a jona shi da komai ba, in an tambaye shi sai ya ba da lamba mafi girma da yake iya faɗa. A yi watsi da shi.

Halilu ya fashe da dariya a cikin ɗakin intanet har mai wurin ya ɗago kai. Ya tuna buhun algarara. Ya tuna tiren ƙanƙara, da ƙurajen wuyansa, da mutanen da ya sa suka yi sallar azahar da la'asar a kan takarda shafi ɗaya. Bazara guda cur yana yi wa wayar da ba ta haɗe da komai fifita, yana tausaya wa Turawa da ba su san Ƙonni ba. Ya yi dariya har tabaran da idonsa bai nema ba ya zame. Yana cikin gyara shi ne ya tuna turmin da aka gaisar, sai dariyar ta ɗauke.

Bai koma kan hatimin ba. Bai nemi motar da zai ɗauko Delu a gaban 'yan tasha ba. Ya mayar da murfin kwamfutar, ya naɗe ta da bargo da leda saboda yayyafi, ita da ya shafe watanni yana yi wa wanka da iskar jiƙaƙƙen buhu. Ya shiga motar Malbaza, akwatin a ƙarƙashin ƙafarsa, gilashin mai ƙaton ƙeya a kan cinyarsa, ya rungume shi har suka isa. Gonakin gero a gefen hanya sun cika da masu shuka, bai gan su ba.

Kubra ta gan shi a ƙofar gida da kaya, ba ta tambaye shi komai ba. Ta share masa tebur a ɗakin da talabijin yake, ta nuna masa inda zai jona waya. Ya haɗa komai, ya kunna. Da Sallau ya cika gilashin, Kubra ta dafe ƙirji ta ce, "Allah sarki, Baba," ta juya ta fita ɗauko uwarsu.

A lokacin sanyin da ya wuce, Delu da kanta take fitowa bakin ƙofa ta nemi rana. Yau Kubra ce ta riƙo hannunta, tana gaya mata inda dokin ƙofa yake. Aka zaunar da ita a kujera, Halilu ya matso da gilashin har bakin tebur.

"Ga shi nan, Inna. Gabanki."

Ta matsa. Ta ƙara matsawa har numfashinta ya yi ɗan hazo a gilashin. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu, yadda take yi da permin.

"Ina ganin haske," ta ce.

Ya ƙara hasken har ƙarshe. Ya ce Kubra ta saki labule, ta saki. Ya ƙara girman hoton har ido ɗaya ya cika gilashin, ya rage, ya mayar da shi baƙi da fari, ya yi duk abin da aka koya masa a Yamai da wanda ba a koya masa ba. Delu ta yi haƙuri da shi, tana kallon duk inda ya ce ta kalla.

"Haske dai, Auta," ta ce a hankali. "Kamar an buɗe taga."

Halilu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, da baƙin ciki a ƙarƙashinta. Ya buɗe baki zai yi bayanin waya da ma'auni na uku, ya ga bayanin ba shi da inda zai zauna a ɗakin nan, ya rufe. Kubra tana tsaye a jikin bango, ba ta dube shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Delu ta ɗaga hannu tana lalube, yatsunta suka sami gilashin. Ta shimfiɗa tafinta a kai.

"Nan yake?"

"Ɗan sama kaɗan." Ya kama wuyan hannunta ya gyara. "Nan goshinai ne."

Ta bar hannun a wurin. Tsohon gilashin ya jima a kunne, ya ɗauki ɗan zafinsa na kullum, wanda ba ya ƙona kowa.

"Da ɗumi," ta ce. "Haka goshinai yake in ya sauko daga mota."

Ta zame yatsunta ƙasa a hankali, tana tambaya, yana faɗa mata. Nan gira. Nan ido. Nan hanci, nan gashin bakin da ya ce za ta ƙirga. Da ta kai kuncin hagu ta tsaya.

"Hatimin hwa? Ka cire?"

"Rabi na cire, Inna. Rabi na nan bisa kunne."

"To bar shi hakanan," ta ce. "Kai ni wurin."

Ya kai yatsanta kan shuɗin zoben da ya rage. A kusurwar gilashin ɗan akwatin ya buɗe da kansa kamar kullum, da jan rubutunsa da harshen wutarsa. Halilu ya miƙa ɗaya hannun ya rufe shi.

"Sai yaushe za ka kashe, injin shi huta?" Delu ta tambaya, don ta riƙe duk bayanin da ya yi mata da bazara.

"Ba a kashewa, Inna," ya ce. "Zauna."

Aka kira la'asar tana nan zaune, tafinta a kan fuskar, shi kuma yana durƙushe a gefen kujerar yana riƙe mata gwiwar hannu don kada ta gaji.